Gindin Ginshiƙi

Gara ta fara daga ƙasa, yadda ta saba.
Sai da ruwan Agusta ya lafa
muka ga rumfar lambun Baba ta karkata
wajen kogi, kamar za ta sunkuya ta sha.

Na danna yatsa a gindin ginshiƙi,
ya shige kamar cikin dafaffiyar kabewa.
Simintin kuwa yana nan daram,
har da sawun kazar da ta taka shi yana ɗanye
a shekarar da masaƙa ta sallami Baba
ya baro Kakuri, ya sayi fartanya.

Jatau kafinta ya iso daga Kabala,
katakon maɗaci ɗaure a bayan babur.
Ya tsuguna, ya shinshina ruɓar, ya ce:
"Katako numfashi yake yi.
Da damina ya kumbura, da rani ya tsuke.
Shi siminti ba ya motsi,
sai dai ya sha ruwa a ɓoye ya miƙa wa maƙwabci.
Kada ka haɗa su fata da fata."

Muka yanka robar tsohuwar taya muka shimfiɗa.
Muka shafe katakon da baƙin mai
na garejin Ɗanlami, har ya daina sha.
Babu wuta tun jiya.
Janaretan mai wankin mota muka aro,
injin huji ya yi ta gurnani,
farin gari na tashi, rami huɗu,
na huɗun ya ci karo da tsakuwa
ya cinye mana rabin yini.

A nan Yaya Barau ya shigo, ba wanda ya kira shi.
Tun rabon gado
gaisuwarmu ba ta wuce ƙofar baki.
Ya naɗe hannun riga, ya rungumi ginshiƙi,
ni ina ƙasa da sifana,
idona kan ɗigon iskar da ke yawo a ma'auni.

"Matsa hagu."
"Ya yi?"
"Saura ƙiris."

Jatau ya ce in sassauta hannu,
notin da aka matse har ya yi kuka
shi ke tsaga katako.

Kwalta ta narke a gwangwanin tumatir
bisa duwatsu uku.
Da tsinken rake na bi gindin, na zagaye,
na toshe duk inda ɗigo zai laɓe,
ta huce, ta yi baƙi wuluk tana sheƙi.

Hadari ya haɗo ta wajen gada.
Muka mayar da buhun taki ciki, da tiyo, da garma.
Yaya yana goge tafinsa da kananzir,
bai dube ni ba, ya ce:
"Na bayan nan ma ya fara ciwuwa.
Asabar kana nan?"