Tsingaro

Darasin ƙarshe, ranar Laraba, fanka a tsaye cak.
Na zana Girka a allo, ta fito kamar yagaggen tsumma.
Na ce, yara, ba ƙasa ɗaya ba ce,
birane ne, kowanne da dokarsa da taurin kansa,
kowanne yana yi wa maƙwabcinsa kallon baƙauye.

Na ce a Isparta sarki biyu ne a gari guda.
Aji ya kwashe da dariya.
Ban tambayi dalili ba.

A Atina kuwa wake ke raba muƙami,
in farin ya faɗo a kanka, kai ne.
Mai ƙara a gaban shari'a ruwa ake auna masa
a kasko mai huda; da ya tsiyaye sai ya zauna,
ko yana tsakiyar "sannan kuma".
In wani ya yi wa gari girma,
kowa ya tsinci tsingaro ya karce sunansa,
a ƙirga, ya ɗaure kayansa, sai bayan shekara goma.

Shamsiyya, daga bencin baya, ko hannu ba ta ɗaga ba:
"Malam, kowa da kowa?"
Na ce ban da mata. Ban da bayi.
Ban da baƙo, ko a can aka yanke masa cibiya.
Ta ce, "To wa ke ɗebo ruwan da ake auna maganar?"
Ƙararrawa ce ta cece ni.

Da yamma na bi ta wajen masu tukwane,
na taka ɓallin wani tulu, na jefa shi aljihu.

Bayan isha'i, taron unguwa a zauren Alhaji Mudi
kan kuɗin taransifoma, wata bakwai ke nan muna duhu.
Ya yi ta magana har sauro ya ƙoshi,
ba kasko, ba huda.
Masu ƙanƙara da masu markaɗe, da suka fi kowa zubi,
suna can bayan labule, tarinsu kawai muke ji.
Chidubem mai kemis, shekara talatin a layinmu,
ya biya nasa tuni. Ba wanda ya aika masa.

Na laluba aljihu, tsingaron na nan da kaifinsa.
Na soma auna sunaye a zuci,
sai na ji an ce, "Sakatare,
karanto mana abin da jama'a suka amince."

Na haska fitilar waya, na buɗe littafi.
Rubutuna ne, tsaf da shi.
Tun jiya na gama shi.