Farar Ruwa

Mutumin Kwatano ya ce ba ya ɗaure ƙasa da ɗari biyu.
Mu kuwa mu biyar ne a duk Damagaram,
in an ƙirga da Kiyari,
wanda tankinsa ya tsage tun watan azumi
amma bai fasa zuwa taro ba.

Muka yi karo-karo a shagon Mutari mai gyaran agogo,
jikka bisa jikka cikin gwangwanin madara.
Ubaida ta kantin magani ta riƙe littafi:
jatan lande masu jan baya, masu yi wa kifi wanka, saba'in;
masu ɗigon fari, talatin;
sauran ƙanana ne marasa suna,
an haife su don cikin wasu.

Kwana biyu motar na bisa hanya,
ina bin ta da waya gari-gari:
Gaya, Dogon Dutsi, Ƙonni, Tasawa.
A Takeita yaron mota ya ce ƙanƙara ta narke.
Na ce saye ta masu lemo,
ko nawa suka yanka maka.

Garin da ake sammakon layin famfo,
inda jarka ta fi kujera daraja,
nan muka ce sai mun kafa teku.
Ɗan ga-ruwa ya kawo, muka tace sau uku,
gishirin leda muka auna kamar zinariya.
Na Bilma bai yi ba, mun gwada,
murjani ya wayi gari fari fat kamar ƙashi.

A zaurena na Birni muka kwance kwali.
Arba'in da ɗaya sun riga sun kwanta.
Muka raba gawa daidai yadda muka raba masu rai,
Kiyari ya karɓi nasa a bokiti, ya ba ni ajiya.

Inna ta leƙo.
"Fara ce?"
Na ce ta ruwa.
"Nawa tiya?"
Na faɗi kuɗin guda ɗaya.
Ta yi shiru tana mayar da shi hatsi a kan yatsu,
sannan ta ce, "To matattun, a kawo in soya da yaji,
kada a yi asara biyu."

Daren nan wuta ta tafi.
Injin iska ya yi tari, ya mutu.
Duwatsun unguwa na amayar da zafin da suka sha da rana.
Na cire batirin babur, ya kai ni ƙarfe uku,
daga nan sai famfon keke:
tura, ja, tura, ja,
ina yi wa teku numfashi da hannu
har ladan ya yi gyaran murya.

Da safe na ga babbansu kwance a kan yashi,
ba nauyi, ba motsi, haske na ratsa shi.
Na naɗe shi a takarda, na kai wa Mutari.
Ya sa gilashin agogo a ido, ya daɗe.
Ya ce, "Riga ce. Mai ita ya fita."

Na koma a guje.
Ga shi bayan dutse, yana kaɗa dogon gashin baki,
sabo ful, ya ɗan ƙara faɗi.

Ban taɓa ganin teku ba.
Kiyari ya gani, ya ce wari gare shi.

Yanzu bayan la'asar Inna kan jawo kujerarta.
Jiya na same ta da hannu cikin ruwa har gwiwar hannu,
biyu sun hau yatsunta
suna tsintar kaushin shekara sittin na wanki.
Ba ta waiwayo ba.
Ta ce, "Mutumin nan na Kwatano,
in za ku sake,
a rubuta mini uku."