Haruffa Biyar a Kan Dutse

Shekara arba'in da ɗaya ina sassaƙa duwatsun kaburbura
a wannan ƙauyen masunta na gaɓar Yorkshire,
inda teku ke lasar gindin maƙabarta
kamar akuya ta samu gishiri.
Da harafi ake lissafa ladana,
shi ya sa na fi malamin makaranta sanin nauyin kalma.

Ranar Talata Maureen Pickersgill ta shigo, laimarta na ɗiga.
Ta ce, Edmund, na zo zaɓar wa Clifford kalma.
Ɗaya tak. Ba ya son a cika shi da surutu.

Na kakkaɓe garin dutse daga benci, na baje mata hajata.

Ga always, na ce, ita ta fi kasuwa.
Kakannin kakanninmu abu biyu suka gani a cikinta:
duk, da hanya.
Duk tsawon hanya ke nan, daga bakin ƙofa
har inda ƙafa ta ce ta gaji.
Tafiya aka fara aunawa da ita,
sai lokaci ya zo aro, bai mayar ba har yau.
Ta ce, Clifford bai taɓa raka ni duk hanya ba.
A mashaya yake yada zango, in ƙarasa coci ni kaɗai.

To, ga forever.
Da a rabe ake rubuta ta, sai tazarar ta rufe kamar miki.
Ita ever ɗin da ke ciki kuwa,
masu tonon asalin kalmomi sun tona har farce ya ƙare,
ba su cim ma saiwarta ba.
Maureen ta leƙa taga.
Bara ruwa ya ci layi biyu na kaburbura,
uku a ciki da forever a goshi, aikin hannuna.
Ba ta ce uffan ba. Na haɗiye sauran tallan.

Akwai baƙi, na ce, 'yan asalin Latin,
da rigar lauya suka sauka a ƙasar nan:
constantly, mai tsayuwa ƙyam,
permanently, mai zama sai an ga ƙarshe,
perpetually, mai bin abu ba ya waiwaye.
Ta ƙirga haruffan da yatsa, ta dubi jakarta.
Waɗannan na takardar haya ne, in ji ta.

Sai na tuno da aye ta bakin kakata,
wadda mutanen arewa masu dogayen jirage
suka bari a gaɓar nan, da nufin har abada.
Uku kacal, kusan kyauta.
Ta yi dariya, ta farko tun jana'iza:
Ai a garin nan aye amsawa ce.
Zai zaci daga ƙarshe na yarda da maganarsa.

Muka yi shiru. Ruwa na dukan rufi.
Can ta ce, still fa?

Na ce, wannan ba ta san lokaci ba da farko.
Ruwan da ya kwanta ake nufi, da ɗakin da ba motsi.
Abin da bai gusa ba, ka dawo ka tarar da shi,
da haka ta koma har yanzu.

Ta ce, shekara hamsin ina ce masa ya zauna wuri ɗaya,
sai yanzu ya ji.
Ta gyara maɓallin rigarta.
Kuma har yanzu kofi biyu nake sa wa shayi.

Ban karɓi kuɗin harafin farko ba, don yana ba ni wuya,
ba na son a biya ni kan abin da nake zagi.
Jiya na gama.
Biyun ƙarshe na fi daɗewa a kai,
dogaye, iri ɗaya, kafaɗa da kafaɗa,
tsakaninsu faɗin bakin kurfina,
kuma ba sa taɓa juna.