Kwalbar Awon Ruwa

Shekara goma sha tara ina duba kwalba ɗaya
a bayan katangar filin jirgi.
Ƙarfe bakwai na safe, ko da ruwa ko wayam,
in rubuta, in rufe littafi.
Ba wanda ya taɓa tambayata me na gani.

Bana aka kira ni.
Watan Maris, gari kamar bakin tanderu,
ɗakin taro a Nasarawa, fanka na dama zafi.
Dakta Barira ta haska taswira a bango,
ta ce wani tekun da ba mu taɓa gani ba yana zazzaɓi,
ruwanmu zai makara,
in ya zo kuma, da fushi zai zo.

Baba Ilu na Kura ya gyara zama.
"Ni ban san teku ba,
amma tururuwa ba ta kwashe ƙwai ba tukuna,
shamuwa ba ta sauka kan kukar gidana ba,
gawo har yau yana sanye da rigarsa."
Aka yi dariya.
Dakta ba ta yi ba, rubutawa ta yi.

Arɗo Manu na son ranar juyo da shanu daga kudu.
Ta asibiti na ƙirga gidan sauro.
Na hukumar agaji ya ɗora yatsa kan Jakara,
ya bi ta daga Fagge har Gama,
inda leda ta shaƙe wuyan kwata.

Sai aka ce, "Tasalla, littafinki fa?"
Na buɗe, hannuna na rawa,
kan Agustan da kwalba ta tumbatsa a dare ɗaya.
Da safe na iske bangon innata a Kurna ya zauna,
tukunyar miya na yawo a tsakar gida.
Wannan ban rubuta ba, lamba kawai na sa.
Ran nan na faɗe shi da baki.

Gardama ta kai la'asar sakaliya.
Wani ya ce sittin cikin ɗari,
wani ya ce, wa zai kai wa manomi "wataƙila"?
Baba Ilu ya ce, "Da wataƙila muke kwana, da ita muke tashi.
Ku dai faɗa da wuri,
ku faɗa da Hausa."
Gaibu na Allah ne, ba mai ja,
amma wadda ta ga hadari ta kwashe shanya
ba ta yi saɓo ba.

Takarda ta tafi Abuja da sa hannu goma sha ɗaya,
nawa na ƙarshe, a karkace.
Rediyo ya ce a nemi iri mai saurin nuna,
kada yayyafin fari ya ruɗi mai shuka,
a yashe kwata kafin Yuni.

Jiya na ga samarin layinmu da shebur,
cikin kwata har gwiwa, suna tsine wa leda.
Na wuce, ban tanka ba.
Sama fes, ko ƙyallin gajimare babu.
Gobe ƙarfe bakwai zan je in duba kwalba.