Kufai na Goma Sha Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Samaru,
janaretan maƙwabta ya yi tari ya mutu.
Saura ni da laftof ɗin Jafaru
mai tsagaggen gilashi, batir kashi talatin.

Wasan bi-da-bi ne, kamar dara:
in taka, na'ura ta taka.
Ɗan leƙena yana tsaye a bakin wani kufai,
taku ɗaya ya rage ya shiga.
Ko zinare, ko taswira, ko tsoho mai koyar da ƙira,
ko mahara su fito su yi masa rubdugu.

Ina da littafi mai shuɗin bango
da na saya a Kwangila don darasin lissafi.
Lissafin bai samu shiga ba.
Kufai goma sha shida ne a ciki:
na bakin kogi, zinare sau uku;
na kan tudu, taswira;
na cikin kurmi, kada a shiga ranar Talata.
Har wannan na rubuta, Allah ya yafe mini.

Jafaru ya juya a kan katifa, ido ɗaya a buɗe:
"Malam mai duba, babu sa'a a akwatin nan.
Zaren lambobi ne, an kaɗa shi tun ranar da ka fara,
kowane motsi yana jan ƙulli guda.
Adana wasan ka gwada."
Ya ja bargo ya koma.

Na adana. Na shiga. Mahara.
Na dawo baya, na shiga. Mahara,
su ɗin dai, da gatarinsu ɗin dai.
Sau biyar ina aika bawan Allah ya mutu
a ƙofa ɗaya,
bai taɓa waiwayowa ya tambaye ni dalili ba.

A na shida sai na fara da manomi
can a bayan gari, na matsar da shi taku ɗaya
ba gaira ba dalili,
don ya cinye mugun ƙullin.
Sannan na shiga.
Zinare tamanin.

Na jira murna ta zo.
Sauro ne ya zo.
Abin ya zame mini kamar cin jarrabawa
da takardar amsa a cikin safa.

Sai na tuna ranar da muka hau Kufena, ni da Mudi,
muna 'yan shekara tara, takalmi a hannu,
mun rantse akwai tukunyar kuɗi a bayan dutsen.
Akuya muka tarar, da fasasshen kasko,
da garin nan kwance a ƙasa kamar shanyar barkono.
Shekara goma sha huɗu ke nan,
har yau ina iya faɗa maka launin akuyar.

Batir kashi huɗu.
Na koma inda na adana,
na bar manomi ya ji da gonarsa.
Na tura ɗan leƙe, ina sane,
na kalli abin da ya same shi har ƙarshe.

A littafi, layi na goma sha bakwai,
na rubuta: mahara.
Gefen da nake sa dalili na bar shi fari.

Gilashin ya yi duhu.
Daga Hayin Dogo ladan ya gyara murya,
mai shayin bakin titi ya fara fasa itace,
akwai sauran rabin taswira da ban taka ba.