Kunnuwa Shida

Jitar da Lamela ya bar min
kunnuwanta shida ne, ba mai jin magana a cikinsu.
In na murɗa na farko ya zauna,
kafin in kai na huɗu ya saki jiki
kamar ɗan dakon da ya sauke buhu.
Na biyar kuwa tun wata damina kansa ya fita,
sai da filaya nake kama shi,
ga shaidar haƙoranta nan a jikin ƙarfen.

Gombe ba ta tausayin tsirkiya.
Da bazara kwanon ɗakinmu na Bolari
yakan dafa katakon har ya yi ƙara shi kaɗai.
Ruwa ya sauka, wuyanta ya kumbura,
amon da na kwanta da shi jiya
in tashi in tarar ya yi ƙaura ba sallama.

Ran bikin ɗan maƙwabcinmu
ina tsakiyar kiɗa ta uku ta sulale.
Wata tsohuwa ta ce, "Yaro, akuyar nan taka yunwa take ji."
Aka yi dariya. Ni ma na yi.
Daren nan ban runtsa ba.

Kuɗin facin taya na mako bakwai na ƙulle
na damƙa wa Manu direba.
Ya kawo su daga Jos cikin ledar burodi,
farare tas, kowanne da giyarsa a rufe,
ba kafar da tsatsa za ta leƙa.

Malam Bappayo mai gyaran agogo
a bakin Tsohuwar Kasuwa
ya daɗe da yin bankwana da jinsa,
da hannu ake yi masa ciniki.
Ya maƙala gilashi a ido ɗaya,
ya kwance tsohon kunne, ya nuna min
haƙoran giya sun cinye, sai dasashi.
Ramukan sun yi kaɗan, ya bi su da magagari,
yana hurawa, yana gwadawa, yana sake hurawa.
Inda tsohuwar ƙusa ta yi wa katako rauni
ya cusa tsinken ashana da gam.
Ko ɗaya bai matse da ƙarfi ba.
A bayan wani rasit ya rubuta min:
icce ba ƙarfe ba ne, lallaɓa shi ake yi.

Na ɗaura sababbin tsirkiyoyi.
Na danne gida na biyar, na kaɗa ta da 'yar'uwarta,
suna kokawa, suna kokawa.
Sai tsohon ya sunkuyo ya ɗora haɓarsa a kan cikin jitar,
ya lumshe ido.
Ina murɗawa kaɗan-kaɗan, daga ƙasa zuwa sama.
Daidai inda muryoyin biyu suka zama ɗaya
ya ɗaga yatsa.
Ni da nake da kunne, ya riga ni ji.

Yau wata uku ke nan.
Ta sha rana, ta sha ruwa, ba ta gusa ba.
In ɗauko ta kawai in fara.

Nan ne abin ya dame ni.

Lamela ba ya magana sai yana saiti.
Kansa a karkace, babban yatsa a kan kunne,
a nan yake ba ni labarin Kaltungo,
da bashin da ake binsa, da yarinyar da ta ƙi shi,
a nan ya faɗa min abin da likita ya ce,
bai ko dube ni ba, wai ta biyu ce ta sauka.
Ashe lalacewar ce ke ba mu wurin zama.

Tsoffin shidan suna cikin gwangwanin madara,
har da mai shaidar filaya.
Wani lokaci bayan isha'i, in an ɗauke wuta,
nakan sassauta ta biyu da gangan,
in karkata kai,
in daɗe ina nemanta.