Gwangwanin Rasit

Ni ne Arzika mai gyaran injin ban-ruwa,
ofishina bayan babur, rufinsa sama.
Litinin ina Aliero cikin albasa,
Laraba fadamar Argungu, laka har gwiwa,
in kira ya fito daga Yauri, sai kwanan hanya.

Ran da na je ofishin haraji a Birnin Kebbi
Malam Nafi'u ya gyara zaman tabarau:
"Abin da hanyar aiki ta ci,
mai da masauki da kuɗin fito,
ana cire shi kafin a yanka maka.
Sai dai baki ba ya shaida nan. Kawo takarda."

Takarda!
Yaron da ke ɗura min fetur da kwalba
a mararrabar Jega, wa ya ba shi hatimi?
Mai kwalekwalen da ya haye da ni har babur,
ruwa ne littafinsa, yana rubutu yana gogewa.
Rasit ɗin gidan mai kuwa, kwana uku a aljihu,
zufa ta lashe shi fari fat kamar ba a yi ba.

Ige ta juye kanwarta, ta ba ni gwangwanin madara.
Tumba, 'yar aji biyar, ta ja layi a littafin lissafi:
rana, gari, dalili, nawa.
Bayan lisha ina faɗa, tana rubutawa,
tana lasar fensir, tana gyara min ƙidaya.

"Baba, tafiyar Zuru fa?
Aiki ne ko sunan ɗan Gwaggo?"
Na ce ai na duba famfo a hanya.
Ta dube ni, fensir a tsaye.
Na ce to, raba biyu.
Ta raba, ta ba zumunci kaso mafi tsoka.

Shekara ta juyo, na dire gwangwani kan teburi.
Malam Nafi'u ya bi layi da ɗan yatsa,
ya tsallake uku, ya karɓi saura,
ya tambayi mai wannan kyakkyawan hannu.
Abin da aka rage ya sayi tayar baya
da canjin da bai kai buhun gero ba.

Da dare na buɗe shafin ƙarshe.
Tumba ta yi wasu 'yan sanduna a gefe,
biyar-biyar, ɗari da goma sha ɗaya.
Na ce wannan kuɗin mene ne?
Ta ce ba kuɗi ba ne,
daren da aka rufe tuwonka ne har ya kwana.